Wanda Ya Yanke Kwalayen Migdalia

Ihun Migdalia ne ya katse mini ɗinki ranar Litinin ɗin nan da safe. Gidanta yana saman nawa a kan tudu, kamar dai yadda komai nata yake saman nawa, don haka ko tari ta yi sai ya gangaro tsakar gidana. Na yar da rigar da ke hannuna na haura, ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa ba.

Na same ta a rumfar mota, tsaye gaban tebur, hannu biyu a ka. Kwalayen suna jere yadda ta bar su, kowanne da sunan mai shi da baƙin alƙalami. Sai da ta juya mini ɗaya na gane. A bayansa, inda ɗan zanen layi-layin nan yake, wanda ake haskawa a kanti, babu komai sai taga. An yanke shi tas. Na biyu ma haka, na uku haka, har na ƙarshe.

"Comadre, an kashe ni," in ji ta.

Ita ta riƙe mini 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna haka. Na rungume ta, na ce Ave Mariya, na ce Allah ya tona asirin mai wannan aiki. Amma ba zan ɓoye muku ba, can ƙasan zuciyata wani abu ya ɗan yi mini sanyi-sanyi.

Kowa a unguwarmu, nan saman garin Ciales, ya san Migdalia da jaridar Lahadi. Mu muna saye don mu naɗe ayaba, ita tana saye don takardun rangwamen da ke ciki. Sabulu, shinkafa, man girki, ba ta taɓa biyan cikakken kuɗi. Da abin da ta rage ta sayi firij mai ƙofa biyu, ni kuwa nawa sai an tokare shi da kujera. Bana da lokacin haraji ya zo sai ta haƙo babba: wani kanti a birnin Arecibo yana haɗa manhajar cike takardar haraji da manhajar tsare kwamfuta daga cuta. Takardar rangwame ta zabge wani abu, ragowar kuma kamfani ya maido maka ta gidan waya, in ka aika masa da rasit da wannan ɗan zanen na bayan kwali, na ainihi, ba hotonsa ba. Ƙarshenta dai kyauta.

Kusan gida ashirin suka damƙa mata kuɗinsu, har da Wilo mijina, mutumin da ko kuɗin zare ba ya ba ni sai ya yi tambaya uku. Ta ɗauko kayan, ta cike wa kowa harajinsa da kwalinsa, ta hana kowa yanka zanen sai an tabbatar fayafayan manhajar da ke cikin kwalayen suna aiki, don kanti ba ya karɓar kwalin da aka huda. Ranar Litinin ɗin ce za a yanke a aika gaba ɗaya. Ga shi wani ya riga mu.

*

Kafin rana ta take, rumfar ta cika. Efraín, mijin Migdalia, yana ta zagawa da kofunan kofi, bai ce wa kowa kanzil ba. Shi dama haka yake, daga gandun dashen lemonsa da ke bayan gida sai gida, in ka ji muryarsa sau biyu a mako ka yi sa'a.

Surutai suka rabu gida biyu. Wasu na cewa zanen ba shi da amfani sai da rasit, rasit kuwa duk suna cikin jakar mutum ɗaya. Ba su kama suna ba, amma idanunsu sun kama. Wasu kuma suka tuna cewa a unguwar nan akwai mai almakashi kala-kala, wadda aka ji ta a ƙofar coci tana cewa wata rana wayon nan zai ci mai shi. To, na faɗa. Wa bai taɓa faɗa ba?

Kuɗin ba su ne abin tsoron Migdalia ba. Mazan da ko matansu ba su san albashinsu ba, ita suke buɗe wa takardunsu, don ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba, ba a taɓa rasa ko sisi a hannunta ba. Wannan sunan shi ne jarinta. In ya tafi, babu takardar rangwamen da za ta maido shi.

'Yan sandan gari dariya za su yi mana a kan guntayen kwali, don haka aka aika a kira Don Monse. A wajenmu "Don" laƙabin girmama namiji ne, "Doña" kuma na mace. Cikakken sunansa Monserrate Otero, ya haura saba'in, kuma tun ina yarinya shi ake kira in an sace zakaran da ake haɗa faɗa da shi, ko doki, ko buhun kofi. Ya iso yana dogara sanda, ya ƙi kujerar da aka ba shi. Ya duba ƙasa, ya yi tsaki, don ƙafar rabin unguwa ta riga ta tattake wurin. Ya ɗauki kwali ɗaya, ya bi bakin yankan da babban yatsansa a hankali, ya ajiye.

"Kowa ya ɗauki kwalinsa ya tafi gida," in ji shi. "Gobe da la'asar a dawo da su nan. Zoraida, ke za ki tuƙa ni."

"Ni kuma, Don Monse?" na ce.

"Gwiwata ta daina tudu. Kuma gara ki zauna inda idona ke ganinki."

*

Ɗakin ɗinkina ya fara shiga. Ya sa na fito da almakasaina duka, ya ɗauko kwalin biskit daga kicin ɗina ba tare da ya tambaya ba, ya ce in yanke masa taga a tsakiya.

Na huda, na yanka, ina huci. Ya karɓa ya kai kusa da hancinsa.

"Kin ga nan? Almakashi sai ya huda kafin ya shiga, kuma yana tauna kusurwa. Wancan aikin wuƙa ne." Ya jefar da kwalin. "Ba ke ba ce. Ke da kin samu dama, wuta za ki sa musu."

"Na gode da yabo."

"Me ta yi miki ne?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shi ne ma abin haushin." Bakina ya riga ya buɗe, na kasa rufewa. "Kullum Wilo, 'Dubi yadda comadre take tattali. Dubi yadda comadre ta iya kwamfuta.' Ni da nake ɗinke masa wandonsa tun kafin tumbinsa ya fito! Ina ƙyashinta, Don Monse, ina yi safe da rana. Amma ban taɓa mata kwali ba."

"Na sani," in ji shi. "Ɗauko mukullin mota."

*

Muka gangara gari wurin Don Tulio Pagán. Kafin Migdalia ta sayi kwamfuta, shi ke cike wa unguwarmu takardar haraji, yana karɓar ladansa har da kaza a kai. Yanzu ofishinsa ƙuda ne kawai ke shiga. Labari ya riga mu isa, muka tarar da shi fuska kamar ranar biki.

"Na ji, na ji! Sarauniyar kyauta ta faɗi. Don Monse, zauna. Doña Zoraida, ke ma na san yau kin ci abinci da daɗi."

Na kawar da kai.

"Ina kake jiya Lahadi?" in ji Don Monse.

"Coci, gida, sai wasan domino. Amma da ni na yi, na rantse da sai na ɗauki mai shela. Shekara nawa na yi ina karatun wannan aiki, mace ta zo da faifai ɗaya ta kwashe mini mutane?"

Ya tashi zai zuba mana kofi. Hannunsa na rawa, butar na buga bakin kofin, rabi a ciki rabi a faranti. Don Monse ya dube ni, na dube shi. Wannan hannun ko burodi ba zai yanka a miƙe ba.

"In kuna neman wanda ya san inda kwalayen suke kwana," in ji Don Tulio da muka miƙe, "ku tambayi ɗan Nuyok. An ce kujera guda aka ware masa a rumfar."

*

Ɗan Nuyok shi ne Norberto. Ya yi shekaru a can birnin Nuyok, a ƙetare, matarsa ta rasu, ya dawo da fansho biyu da farar mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Harajin kowa Migdalia kan gama shi a yini ɗaya, nasa kuwa ya ci yammaci bayan yammaci, wai takardunsa na da yawa.

Tun ba mu fito daga mota ba ya tarbe mu da faɗa.

"Yawwa, gara da kuka zo! Ni asarata biyu ce. An yanke zane, kuma faifan tsaron ma ya ƙi aiki. Na sa a kwamfuta sai gurnani yake yi."

"Jiya yana aiki?"

"Ranar Asabar Migdalita da kanta ta gwada shi a gabana."

Migdalita, sunan shagwaɓa kamar na 'yar yarinya! Mace mai jika biyu.

Don Monse ya karɓi faifan ya ɗaga shi a rana. Karce ne a jikinsa, dogaye, masu zurfi. Ya karɓi kwalin, ya leƙa ta tagar. Wuƙar ta ratsa kwalin, ta ratsa takardar da faifan ke ciki, ta sauka a kan faifan kansa. A kusurwa ɗaya ma ta zarce layi, ta tsaga har gefe.

"Wa ka ɓata wa rai a unguwar nan, Norberto?"

"Ni? Kowa nawa ne. Ko jiya sai da na kai wa Migdalita kwalin alewa na gode mata."

A mota Don Monse ya ce in bi gida-gida. Muka bi, yana buɗe kwalaye yana ɗaga fayafai a rana. Babu ko ɗaya da ya samu ƙwarzane. Namu ma, na Wilo, takardar ciki ko alamar wuƙa babu.

"To me ka gani?" na tambaye shi.

"Mutum mai hannu. Ya yanke kwali kusan ashirin, wuƙarsa ta tsaya daidai kaurin kwali, don ba ya son ya ɓata wa maƙwabta kaya. A guda ɗaya tak hannun ya ƙwace masa. Ɓarawo ba ya jin haushin kwali, Zoraida."

*

Washegari da hantsi ya ce in kai shi gandun Efraín, wai yana son dashen lemo ɗan aure. Muka same shi tsugune cikin jerin baƙaƙen ledoji, ƙasa har gwiwar hannu.

"Efraín, nuna mini yadda kake yi musu aure. Nawa kullum mutuwa suke yi."

Efraín ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu, ya kama reshe. Ja ɗaya ya yi, zuwa wajen ƙirjinsa, wuƙar a kwance. Ɓawon ya ɗago, itacen ciki ko gezau. Don Monse ya fito da kwalin Norberto daga jakarsa, ya ajiye shi kusa da reshen. Bakin yankan iri ɗaya ne, a karkace, kamar an fere fensir.

Efraín ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya naɗe wuƙar.

"Guntayen da ka yanke suna ina?" in ji Don Monse.

"Murhun da nake gasa kofi."

"Haba, compadre!" na ce, yadda muke kiran mijin comadre. "Kai? Don me?"

Bai dube ni ba. Ƙasa yake wa magana.

"Daga nan ana jin rumfar. Kullum da yamma ya zo ya zauna, ita tana karanto fanshonsa, wannan daga nan, wancan daga can. Abin da yake samu a wata yana kwance, ni sai na sayar da dashen shekara. Na ce ba komai. Sai ta fara yi masa dariya. Wata irin dariya, comadre, rabon da in ji ta tun kafin mu haifi na fari." Ya share hanci da bayan hannu. "Da suka tafi coci na ɗauki nasa. Nasa kaɗai na yi niyya. Da na ga abin da na yi, sai na ce in duka suka lalace, babu wanda zai sake zuwa ya zauna mini a rumfa."

"Ka san sunanta ka yanka?" in ji Don Monse.

"Jiya na sani."

"To. Da la'asar zan nuna abin da na gani. Ba zan kira suna ba sai in ka ƙi tashi."

*

La'asar ta yi, rumfar ta cika har bakin titi. Don Tulio ma ya hau tasi ya zo, ya samu wuri a gaba. Norberto na tsaye da hularsa a hannu. Migdalia na zaune bakin tebur, idanu sun kumbura, Efraín a bayanta jikin bango.

Don Monse bai yi dogon bayani ba. Ya ce ba almakashi ba ne, na ga wasu sun sunkuyar da kai, na bi su da harara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba mai rawar hannu ba ne, Don Tulio ya ɓata rai kamar an hana shi kyauta. Sannan ya ɗaga faifan Norberto, ya nuna karcen, ya ce a duk kwalayen wannan kaɗai aka yi wa haka.

"Wanda ya yi ba kuɗi yake nema ba. Ga irin yankansa."

Ya miƙa kwalin ga na kusa da shi, na kusa da shi kuwa Migdalia ce. Ta karɓa, ta sa yatsa a bakin yankan. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana ɗaure wa mijinta rassan da ya fere, ai ba sai an yi mata bayani ba. Ta dubi sunan da ke kan kwalin. Ta juya ta dubi Efraín. Shi kuwa ya riga ya ɗago daga bango, bakinsa a buɗe.

"Ni ce," in ji Migdalia.

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Ni na yanke. Na so in aika da sunana in ci kuɗin, tsoro ya kama ni na ƙona su. Zan mayar wa kowa abinsa, ko zan sayar da firij. Efraín, zauna, ba ruwanka a ciki."

"Migdalia..."

"Na ce ka zauna!"

Sai wuri ya kaure. Wata ta ce dama ta faɗa. Wani ya ce a ba shi takardunsa yanzu-yanzu, kada albashinsa ya kwana a gidan nan. Don Tulio ya miƙe yana gaya wa mutane lokacin da yake buɗe ofis. Norberto ya kifa hularsa, ya ce bai taɓa zaton haka daga Doña Migdalia ba, ya nufi farar motarsa. Aka juya ga Don Monse ana tambaya ko haka ne.

"Mai gida ta yi magana," in ji shi. "Ni aikina ya ƙare." Ya ɗauki sandarsa.

Ina ƙoƙarin fita ta riƙo hannuna ta ja ni kicin.

"Kin je gandu da shi da safe, na gan ku. Comadre, don girman ruwan da na riƙe 'yarki a kai, abin da kika ji ya mutu a cikinki."

"Kin haukace? Ranar Lahadi ko gaisuwarki ba za a amsa a coci ba!"

"Ni zan iya ɗauka. Shi in suka yi masa dariya, ba zai sake fita daga gandun nan ba." Ta leƙa ta taga, inda Efraín ke tattara kujeru. Ta rage murya. "Ya faɗa miki dalili?"

"Wai kina yi wa Norberto dariya."

"Wancan tulun turaren?" Ta toshe baki da hannu. "Efraín? Kishi? Comadre, mutumin da na ɗauka ko aski na yi ba zai lura ba!"

Na dube ta da kyau. Mace ta zubar da sunan da ta yi shekaru tana tarawa, ga hawaye bai bushe ba, amma fuskarta na sheƙi kamar ta budurwar da aka yi wa kiɗa a ƙarƙashin taga. Na yi mata alkawarin, na fito.

*

Na tarar da Wilo a gaban talabijin, ana wasan ƙwallon sanda, ƙafa a kan tebur.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Mutum ba abin yarda ba ne. Ashe gara ke."

Yabon da na yi shekaru ina jira ke nan, ya zo, kuma ko ɗanɗano babu. Na tsaya tsakaninsa da talabijin.

"Wilo, in Norberto ya riƙa zuwa nan kullum da yamma gwajin wando, mu rufe ƙofar ɗakin ɗinki, ka riƙa jin ina dariya, me za ka yi?"

Ya karkata kai don ya hango wasan ta gefena.

"Ki dai tabbatar ya biya kafin ki sa almakashi a yadi. Matsa, Zoraida, za a yi jifa."

Na matsa. Na shiga ɗakin ɗinki na zauna gaban keke, ban kunna ba. Shekara da shekaru ina ƙyashin matar nan a kan firij da sabulun rabin kuɗi, ashe duk wasan yara nake yi. Ranar da unguwa ta daina yi mata hassada, ranar tawa ta fara da gaske.